Kyan Tafiya Dawowa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya ga yadda marina ke aikinsu, ya san rini hanya ce mai shiga wadda ba ta da fita. Ka kai farin zane marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda masu ita ke cewa an kafa ta tun 1498, a tsoma shi a tsamo, a shanya, ya zama shuɗi. To, komo gobe ka ce ka fasa, a mayar maka da zanenka fari yadda ka kawo shi, ka ga irin kallon da marini zai yi maka. Abu guda kaɗai zai iya yi maka, watau ya daɗa tsoma shi ya daɗa duhu. Gashin kan ɗan Adam ma haka yake, sai dai shi Allah ya yi masa wani gata wanda bai yi wa zane ba, shi ne saiwa. A kan wannan saiwa nake so in ɗan yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, musamman mata, domin ni na shekara bakwai ina rina gashina launi iri iri, sa'an nan na shekara biyu da 'yan watanni ina jiran nawa na asali ya komo.

Kada mai karatu ya zaci rinin gashi baƙon abu ne da zamani ya kawo mana. Tun kafin a san kanti, kakanninmu mata sukan shafa shuni a kitso, musamman in an yi doka za a biki, har kan ya riƙa sheƙi kamar rawani ɗan Kura. Lalle kuwa ba sai an faɗa ba, ga dattawanmu nan masu jan gemu a sahun gaba na masallatai. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa ranar da aka buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (S.A.W.) ya yi umurni a canja launin furfurar, amma a nisanci baƙi. Ashe ke nan rini tsohon abu ne a wurinmu.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin wancan rini da irin wanda na yi. Shuni da lalle baƙi ne masu ladabi, sukan sauka su zauna tare da mai gida. Shi ya sa in aka sa lalle a baƙin gashi ba a cika ganinsa ba sai an shiga rana, amma a furfura sai ya fito ja wur. Rinin kanti mai haske kuwa sai ya kori mai gida tukuna. Abin da ke ba gashi launi wani sinadari ne da masana ke kira melanin, wanda ake yinsa can cikin saiwa, ƙarƙashin fata. Iri biyu ne, akwai mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, akwai mai ba da ja da rawaya, kuma a gashin baƙar fata na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ba yadda za a yi ruwan hoda ko ruwan gwal ya fito a kan wannan baƙi, kamar yadda rubutun tawada ba ya fita a gindin tukunya. Saboda haka sai a fara haɗa wani ruwa mai suna haidirojin farokzaid da wani sinadari mai kaifi irin su amoniya, a shafa. Mai kaifin ya buɗe ɓawon silin gashi, ruwan kuma ya shiga ya cinye melanin ɗin. Kana kallo a madubi gashi zai tashi daga baƙi ya koma ruwan makuba, ya koma ja, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya. Sa'an nan ne za a zuba launin da ake so. Melanin ɗin da aka cinye kuwa ya tafi ke nan, domin silin da ya riga ya fito waje ba shi da rai, ba ya warkewa, ba ya sake yin launi.

Wannan fasaha daga Turai ta zo. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓi na kwinin sai ya faɗa kan wani launi shunayya, daga nan aka shiga yin rini a masana'anta ba tare da ganye ba. A 1897 aka fara sayar da baban masana'anta a Jamus, abin da a hankali ya taimaka wajen karya kasuwar karofi a ƙasashe da dama. A 1907 kuma Eugène Schueller ya haɗa nasa rinin gashi a Faransa, wanda shi ne tushen kamfanin L'Oréal. Watau ilmin da ya rage wa marinanmu ciniki, shi ne dai ya biyo mu har cikin ɗaki ya hau mana ka.

Ni na fara a 2016, shekarar da na gama sakandare, ina da shekara 17. Na soma da ruwan zuma, na koma ja, na yi ruwan goro, wata shekara har ruwan hoda na yi. Wani zai ce, to wa ke gani? Gaskiyarsa, gashin Bahaushiya ba na kan titi ba ne, daga ɗankwali sai gyale ko hijabi. In na ƙidaya waɗanda suka san launin kaina cikin shekarun nan bakwai, ba su wuce 'yan ɗakinmu a makaranta da mai gyaran gashi da matan gidanmu ba. Amma daɗin abin ke nan. Ina zaune a aji cikin hijabi ruwan toka irin na kowa, malami na ta bayani, ni kaɗai na san akwai wuta a ƙarƙashi. Ga yarinyar da ta tashi a gidan yawa, wadda ko zane ba ta taɓa zaɓar wa kanta ba sai wanda aka yanko wa kowa da Salla, samun abu guda da za ta ce ita ta zaɓa ba ƙaramin abu ba ne. Har gobe in na tuna shekarun nan sai na yi murmushi.

Mutum guda ce abin bai taɓa burge ta ba, ita ce kakata ta wajen uwa, wadda ke zaune a ƙauye cikin ƙasar Daura. Ran da ta fara ganin kaina ja ba ta yi faɗa ba, sai ta kama hannuna, ta leƙa idona, ta ce, "Ke kishiya, ba su ba ki abinci a birnin ne?" Na yi dariya, na ɗauka wasan kaka da jika ne. Sai ta ba ni labarin farin 1973, yadda gashin yara ya riƙa yin ja yana laushi yana zubewa, ƙafafu na kumbura, har ta kai in uwa ta ga kan ɗanta ya soma ja sai gabanta ya faɗi. Wannan ita ce tamowa, irin wadda likita Cicely Williams ta gani ga yara a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta sanar da duniya ita a 1935 da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko. Launin da na saya da kuɗi don ado, a idon Kaka launin yunwa ne. Ba ta hana ni ba, ni ma ban bari ba, amma duk zuwan da zan yi sai ta ƙara mini tuwo.

Mai rini mai haske ba ta da hutu, domin saiwa ba ta san an yi rini ba. Duk bayan mako shida ko bakwai sai baƙi ya leƙo daga ƙasa, sai a koma a bi shi da magani. Haka na yi ta yi, ban taɓa barin sabon gashi ya kai gaɓar yatsa ba, har zuwa farkon 2023, sa'ad da takardun kuɗi suka yi wuya a hannun jama'a bayan an canja fasalin Naira 200 da 500 da 1,000. Kowa ya tuna yadda aka yi ta yini a layin banki. Wanda ke neman na cefane kuwa ina ya ga ta rini? Watan Janairu ya wuce, na Fabrairu ya bi shi, cikin Maris azumi ya kama, ban je an taɓa mini kai ba. Da Salla ta matso, cikin Afrilu, na tafi gida hutu, na je kitso wurin tsohuwar da ke yi wa matan unguwarmu tun kafin a haife ni, wadda duk muke kira Gwaggo. Ta sha yi mini kitso a shekarun nan, amma kullum da sabon rini nake zuwa mata.

Na zauna a tabarma na sa kai a cinyarta. Ta tsaga gashin gaba da tsinke ke nan sai na ji hannunta ya tsaya. Ta yi shiru har na ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ta ce, "Allahu Akbar! 'Yar nan, ashe kin ɗauko ta."

Na ce, "Me na ɗauko, Gwaggo?"

Ta ce, "Furfurar uwarki mana. Ga ta nan daidai inda tata take, sama da girar hagu. Ita ma tun tana amarya ta fito mata. Shekara nawa na yi ina raba ta biyu in zan yi mata shuku!"

Ta miƙo mini ɗan madubi. Can ƙasan jan, cikin baƙin da ya tsiro wata huɗu, ga wasu 'yan silin gashi farare tas a cure wuri guda, faɗinsu bai fi farcen babban yatsa ba.

Inna ta rasu a 2013 ina da shekara 14. Hotunanta da muke da su duk da ɗankwali ne ko mayafi, don haka babu wanda ya kama wannan furfura. Sai da Gwaggo ta faɗa sa'an nan ta faɗo mini a rai: Inna zaune a tsakar gida bayan la'asar ta tsefe kai, ni kuma ina wasa da farin nan ina tambayarta ko gari ne ya zubar mata. Kayanta an raba tuni, zannuwan da suka zo rabona sun tsufa, 'yan kunnen ma ɗaya ya ɓata. Ashe akwai gadon da ba a raba ba, yana nan ƙarƙashin ɗankwalina, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe ya iso, ana tare shi da magani duk mako shida kafin ya yi sallama. Masana sun ce furfurar wuri takan bi jini, saiwar ce kan daina yin melanin sai silin ya fito ba launi. Gwaggo ba ta karanta wannan a littafi ba, amma yatsunta sun sani.

Tun a wannan zama na yanke shawara zan bar kaina ya komo. Sai dai yanke shawara daban, samun hanya daban. Hanya uku ce gaban duk mai son rabuwa da rini.

Ta farko aski, a kwashe duka a fara sabo. Ita ce mafi sauri, kuma maza ita suke bi. Saurayin da ya rina kansa ruwan gwal don kwaikwayon 'yan ƙwallo, cikin minti goma mai aski zai raba shi da shi. Amma budurwa da ƙwal kwabo, a gidanmu ko tayar da maganar ba a yi ba.

Ta biyu ita ce wadda ƙawayena duka suka ba ni shawara, wai in sayo baƙin rini in shafe jan, yini guda an gama. Wannan dabarar marini ce, ƙara tsomawa. Baƙin kwalba kuwa ba shi ne baƙin mutum ba, launi ɗaya ne daga sama har ƙasa kamar an goga man takalmi. Ga shi gashin da aka riga aka cinye wa melanin ya zama kamar soso, yana saurin sha yana saurin saki, bayan 'yan wanki sai ya koɗe ya koma wani ja-ja ko kore-kore marar suna. Bugu da ƙari, yawancin baƙin rini na ɗauke da sinadarin da ake kira PPD, irin wanda ke cikin dayis ɗin da ake ƙunshi da shi, kuma yakan sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburi. Shi ya sa masu yinsa ke rubutawa a jikin kwali a gwada kaɗan a fata a jira awa 48. Uwa uba, baƙin rini in ya hau kai ba ya tambaya, da jan da furfurar Inna duk zai haɗa ya binne.

Saura ta uku, watau jira. Ga lissafinta. Gashin ka na tsiro kamar santimita guda a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka, ga shi kuma a murɗe yake, ko ya yi tsawo ba ya nunawa sai an ja shi. Da ƙyar shekara guda cur ta ba ka santimita 12, ko taƙi bai kai ba. Cikin duk mayukan da aka yi mini tallarsu babu wanda ya sa saiwa ta ƙara sauri.

Wahalar jira tana wurin magama, inda sabon gashi mai ƙarfi ya haɗu da tsohon da magani ya ci. Nan yake karyewa. In na taje sai in ga ja a mataji kamar an fige zakara. Gwaggo ta hana ni taje shi a bushe. Ta sa ni wanki da karkashi, domin yauƙinsa na warware gashi ba tare da fizga ba, in shafa man kaɗe, a yi kitso manya manya ba a ja ba, a bar shi ya huta. Duk hutun da na je gida sai ta sa almakashi ta rage bakin. 'Yan ɗakinmu kuwa suka laƙaba mini Bakin Wuta, wai kaina ya zama kamar itacen da aka zaro daga murhu, gindi baƙi, baki ja. Da bikin wata ƙawata ya matso, irin zaman nan na mata zalla inda kowa ke sauke gyale a ga kitson kowa, har na tsaya ƙofar kanti ina kallon kwalayen rini. Abin da ya hana ni shiga shi ne, a lokacin farin nan ya riga ya yi tsawon da yake shiga cikin kitso, yana bin layin shuku kamar zaren azurfa. Na je bikin da kaina kala biyu, aka yi dariya, aka ci shinkafa, aka watse.

Cikin wannan jira na lura gashi ma'ajin lokaci ne. Abin da ke jikin fata na wannan wata ne, abin da ke can baki kuwa ya shekara biyu ko uku da fitowa. Kowane sili yakan yi shekara biyu zuwa shida yana tsiro kafin ya huta ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Saboda haka iyakar da ke tsakanin baƙi da ja a kaina ita ce ƙarshen shekarar 2022, kuma kowane wata tana daɗa nisa da ni. Mun saba jin lokaci na tafiya, amma ni ban taɓa ganinsa da ido yana tafiya ba sai a nan. Da daminar 2025 Gwaggo ta datse ja na ƙarshe, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Ta dunƙule shi ta miƙo mini in je in binne, kamar yadda aka saba yi da gashin da aka yanke.

Hausawa sun ce kyan tafiya dawowa, amma ba su ce za ka tarar da gida yadda ka bar shi ba. Gashin da aka rufe da rini na yarinya ne 'yar shekara 17, wanda ya komo na mace ne 'yar shekara 26. Furfurar gaba ta ƙaru, wasu ɗaiɗai sun ɓullo a gefen kunne. Saiwa ba ta tsaya jira na ba, duk shekarun nan tana can tana ƙidayarta. Kuma ashe ba baƙi ƙirin ba ne. A inuwa baƙi ne, a rana sai ka ga ruwan ƙasa-ƙasa a bakin goshi da ƙeya, kamar dabinon da ya nuna sosai. Duk ƙuruciyata ina ɗauke da shi, amma abin da aka haife ka da shi ba ka cika ganinsa ba. Sai da ya shekara bakwai a ɓoye sa'an nan na iya kallonsa kallon baƙo, na ga kamanninsa. Rini ya yi mini wannan rana, don haka ba za a ji zaginsa a bakina ba.

Da kaka ta yi na je gaida Kaka. Na cire ɗankwali a ɗakinta. Idonta ya yi rauni yanzu, sai ta jawo ni bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsa. Ta ce ita ma a nan tata ta fara, haka ta uwarta, kafin fari ya game kan duka ya ɓad da sawu. Sa'an nan ta sake ni ta ce, "To kishiya, yanzu kin ƙoshi." Ran nan ba ta ƙara mini tuwo ba.

Ban rubuta wannan don in hana kowa rini ba. Wadda ke jin daɗin ja ta yi ja, ta dai gwada a fata kafin ta shafa, ta kuma ba gashin mai da hutu. Abin da nake ce wa 'yar'uwa shi ne, ko sau ɗaya cikin 'yan shekaru, ki bar saiwa ta yi wata uku ko huɗu ba ki tare ta ba, sa'an nan ki kai kanki wurin tsohuwar da ta san kawunan mutanen gidanku ta duba miki. Mai yiwuwa ba a ga komai ba sai baƙi, ki koma rininki da kwanciyar rai. Mai yiwuwa kuma akwai saƙon da ya daɗe yana sallama ba a amsa ba. Wadda ta riga ta kama hanyar komowa kuwa, ta sani launinta ba ya cikin kwalbar kowane kanti, yana wurin saiwa, ita kuma santimita guda take biya a wata, ko an matsa mata ba ta ƙari. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A nan zan dasa aya. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa furfurarmu ta same mu cikin lafiya da mutunci, amin.